Tsibirin da Ake Kira Ba-Hayaƙi

A taswira sunan wani attajirin kifi aka liƙa wa tsibirin, amma a cikin masuntan arewacin Norway ba mai kiransa haka. Ba-Hayaƙi suke cewa, kuma wata mata mai suna Borghild ce sanadi.

Ɗan mitsitsin tsibiri ne, dutse da ciyawa, sai bukkar katako guda, ba mai zama can. Da sanyi ya ja baya Borghild take shiga kwalekwale da mijinta Eilif, ta je ta gyara wa agwagin teku 'yan ɗakunansu na dutse, ta shimfiɗa musu busasshiyar ciyawar ruwa. In sun ƙyanƙyashe sun tafi, ta kwashe lallausan gashin da suka bari a sheƙa, a cusa a bargo. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Dokarta ɗaya ce: kafin agwagi su kwanta kan ƙwai, ba a hura wuta. In suka shaƙi hayaƙi, to sun bar tsibirin ke nan.

Eilif kuwa, bawan Allah, yana son shan kofinsa da zafi, ga shi ba wuta, kullum cikin mita yake.

"Ke dai agwagwa kika aura, ni ɗan rakiya ne."

"To saka ƙwai mana, tsoho, kai ma in lallaɓa ka."

Wata shekara zazzaɓi ya kayar da ita, daidai lokacin da agwagin ke leƙen ɗakunan. Teku ta hargitse, ba halin komawa gida. Haƙoranta sai kaɗawa suke. Eilif ya durƙusa gaban murhu da ashana a hannu, tsoro ya cika shi, don bai san yadda ake rayuwa ba tare da matar nan ba.

"Eilif," ta ce, murya can ƙasa, "kada."

"Haba Borghild! Mutuwa za ki yi saboda tsuntsaye?"

"Na roƙe ka."

Ya zagi agwagin, ya haɗa da kakanninsu. Sannan ya tuɓe rigar ulunsa ya sa mata, ya manna ƙafafunta masu sanyin ƙanƙara a fatar cikinsa. Haka ya yi ta jinyarta yana makyarkyata, har agwagin suka kwanta, sannan ya hura wuta.

Ta warke. Ranar da ta soma yabonsa gaban masunta, sai gogan ya murtuke fuska.

"Wane yabo? Ashanar ce ta jiƙe."

Idon Borghild ya ciko da ƙwalla. Ita da hannunta ta rufe ashanar nan a gwangwani, ta san a bushe take ƙamas.