Baba Baƙo, Mai Sa a Kwance Goyo

Da an idar da sallar asuba a damina, Baba Baƙo ba ya komawa gida. Gangarawa yake yi bakin ƙoramar da ta raba ƙauyenmu da hanyar Dogarawa, ya tsuguna ya zuba wa ruwa ido. Da rani yashi ne zalla a wurin, jakuna na birgima. Amma da an sheƙa ruwa a gabas sai ta cika ta batse, ko da mu nan ba mu ga ɗigo ba. Daga nan mai zuwa kasuwa da mai zuwa likita duk sai ta jirgin Baba Baƙo.

Kafin ya ɗauki kowa, sai ya duba karan da ya kafa jiya a gaɓa, ya ga ko ruwa ya hau ko ya ja. In ya ga ruwan ya yi jajir yana tafe da karmami, ya san akwai wani a bayansa. Sai ya buga wa ƙanensa da ke can gabas, inda ƙoramar ta taso, waya, ya ji ko an yi ruwa a wajensu. Sannan ya kwashe ruwan da ya kwana cikin jirgi, ya cusa tsumma a inda ke yoyo, ya ɗaura jarkoki marasa komai a gefe da gefe. Mu kuwa muna tsaye muna tsaki, rana na yi. Na taɓa ce masa, "Baba, jirgin Makka ma ba a yi mishi wanga shiri." Ko kallo ban ishe shi ba.

Dokar da ta fi jawo masa baƙin jini ita ce ta goyo. Mace ba ta shiga jirginsa da yaro a baya. Kowa ya san matanmu: da sun ga ruwa gabansu ya faɗi, abin da hannu ke fara yi shi ne ƙara tamke majanyi, don a ganinsu nan ne yaro ya fi tsira. Shi kuwa sai ya ce a kwance.

Ummul Khairi mai fura tana cikin jirgin ranar da Tabawa, matar wani makiyayi, ta iso da jaririyarta Nasiba a baya, jikin yarinyar zafi zau.

"Ɗiyata, kwance goyon ga ki miƙa ma wagga ta tsakiya," in ji Baba Baƙo.

"Haba Baba, ba ta da lahiya. In na sauke ta kuka za ta yi."

"Kukan nan nika son ji har mu ƙetare."

"To in ba ka kai ni, sai in shiga da ƙahwata."

"Ba ki shiga. Ina kai ki, amma ba da goyo ba."

Tabawa ta kwance tana hawaye, ta miƙa wa Ummul Khairi. Ana tsakiyar ruwa, wani kututture da ke tafe ta ƙasa ya daki jirgi. Jirgi ya karkace, jarkoki suka tare shi bai kife ba. Amma Tabawa, da ta ɗan miƙe don ta leƙa fuskar 'yarta, sai ga ta rigingine cikin ruwa. Ruwan bai wuce ƙirji ba, sai dai ya juya ta ya sake juyawa kafin Baba Baƙo ya miƙa mata sandar tuƙi ta cafke. Da aka jawo ta, bayanta duk laka ne tun daga wuya har ƙugu. Ummul Khairi ta ce kowa bayan Tabawa yake kallo, inda da goyon yake, ita kuma Nasiba na ta tsala kuka a cinyarta.

Kai ne, Baba, ka yarda a kira ka mai taurin kai, ka sha harara da guna-guni, don dai 'ya'yan mutane su isa ƙetare da numfashinsu. Baƙo namu, mai fito ba gaggawa! Wallahi muna ƙaunarka, ko da bakinmu bai saba faɗa ba.

Bana gwiwa ta ƙi, ya bar tuƙi, wasu sun karɓi sanda. Mun gode, Baba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya. Ku kuma da kuka gaje shi, da duk mai ɗaukar rayukan mutane bisa ruwa, ku duba kafin ku ɗauka, kuma kada kunya ta hana ku cewa a'a. Ba ku kaɗai za ku yi faɗan ba. Nasiba ta shiga lakwal, wato firamare, uwarta kuwa duk ranar kasuwa tana bakin ƙorama. Da ta ga hannun wata ya nufi majanyi, sai ta riƙe hannun ta ce, "Kwance, 'yar'uwa. Kawo shi nan in riƙe miki."