Hulunan Mutanen Yerwa

In ka haɗu da Malam Sallau mai wankin hula a Kumbiya-Kumbiya, kada ka ji haushi don bai dubi idonka ba. Kanka yake kallo. Kafin ka gama sallama ya riga ya san lambar hularka, ashirin da biyu ce ko ashirin da uku, ya kuma san ko kai mai yawan gumi ne. Sana'a ce ta mai da shi haka, kuma ya wuce shekarun da za a gyara masa hali.

A nan unguwar aka haife shi. Mahaifinsa Bakatsine ne da fataucin auduga ya kawo Gombe, ya ga wuri ya zauna. Shi kuwa Sallau yana da shekara ashirin ya bi wata babbar mota zuwa Maiduguri, wai wata uku zai yi ya ga gari. Shekara ashirin da bakwai ya yi. A can wani tsoho Babarbare ya koya masa yadda ake wanke hula ba a kashe mata zare ba, yadda ake ba ta sitaci daidai, a ɗora ta a kan katako a shanya, a bi ta da dutsen guga. Da ya tashi aure ya dawo gida ya ɗauki Delu daga unguwar Madaki, ya koma da ita. Wurin aikinsa gindin wani dogon yaro ne a Gwange, kuma bai taɓa kiran garin Maiduguri ba, sai Yerwa, kamar yadda 'yan gari suke cewa.

Shekarar da aka ɗauke layin waya a Borno, saura kwana huɗu ƙaramar Sallah, harbi ya tashi a unguwarsu da hantsi, kuma bai tsaya ba kamar yadda ya saba tsayawa. Kowa ya nemi ta kansa. Delu ta ɗaure kwanukan da uwarta ta bar mata, Sallau kuwa ya ruga gindin bishiyarsa ya kwashe hulunan mutane, arba'in da ɗaya, wasu ma ba su bushe ba, ya cusa a buhu. A tasha direba ya ce kaya ɗaya kawai mota za ta ɗauka. Aka bar kwanuka. Haka ya rungume buhun a cinya tun daga Yerwa, ta Damaturu da Fataskum, har Gombe, Delu na gefensa. Har gobe in rigima ta haɗa su, daga maganar kwanukan nan take farawa.

Ni ban ga laifinsa ba. Mai wankin hula ba ya ba da takarda. Ka miƙa masa hularka, ya ɗaura ɗan zare a ciki, ka tafi. In ka dawo ka hango ta a kan katako ka nuna, shi kuma ya dubi kanka ya tabbatar. Amana ce zalla, ba shaida sai ido.

Suka sauka a tsohon gidan mahaifinsa, wanda ɗakinsa guda ne kawai ba ya yoyo. Ya sami aiki ba da daɗewa ba, don hannunsa ba irin na nan ba ne. Amma bai zauna ba, jingina ya yi. Damina uku Delu tana cewa a gyara rufin ɗakin tsakiya, damina uku yana cewa, "A gyara wa wa? Da hanya ta yi kyau za mu koma."

Abokin hirarsa Babayo ne, Bafulatani, dillalin shanu da ƙafa ta hana shi zuwa kara, wanda suka yi makarantar allo tare. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a kan benci, ya gaishe shi da Fillanci, "Jam na, Babarbaren aro? Yau me Gombe ta yi maka?"

Ai kuwa kullum akwai abin da ta yi. Sallau ya ce a Yerwa kana fita daga gida har kasuwa inuwar dogon yaro ce ke miƙa ka ga wata, a nan kuwa an kife gari a cikin kwari kamar tuwo a kwano, rana na dafa shi. Ya ce can ƙasa shimfiɗe take, nan kuwa kwazazzabo na cin gidajen mutane duk damina. Ya ce bandar kifin Tashar Baga, in ka ci sau ɗaya, ka daina kiran na Dadin Kowa kifi. Ya ce ko gidan talaka ka shiga a Yerwa turaren wuta ne zai fara yi maka maraba. Abin da ya fi ci masa rai kuwa shi ne hula.

"Mutumin Yerwa yana da riga ɗaya, hula biyar," in ji shi. "Ku kuwa sai hula ta yi baƙi tana ƙyalli kamar gindin tukunya kafin ku tuna da ni."

Babayo ya yi dariya ya gyara tasa, wadda lalle ta kai wannan matsayin. "To mu dai hatsi muke ci, ba hula ba. Je ka Tudun Hatsi ka ga masara. Kuma a nan mutum yana barci da ido biyu a rufe. Garin da ka baro da gudu, shi kake yi mana wa'azinsa?"

A kan wannan ake tashi kullum. Sai ranar da bam ya tashi a Tashar Dukku, a nan cikin Gombe. Ƙarar ta iso har Kumbiya-Kumbiya, kuma Sallau ne kaɗai a layin bai tambayi ko taya ce ta fashe ba. Ɗan ƙanwar Babayo yana cikin waɗanda suka rasu. Kwana uku Sallau yana zaune a wurin zaman makoki, kafaɗa da kafaɗa da abokinsa. Daga ranar Babayo bai sake maganar barci da ido biyu ba, Sallau kuma bai taɓa cewa ai ga shi ba. Ya gaya wa Delu cewa ya daɗe yana so Gombe ta yi kama da Yerwa, amma ba ta nan ba.

Buhun yana rataye a ɗaka. Duk shekara, in azumi ya raba tsakiya, sai ya sauke shi, ya sake wanke hulunan ɗaya bayan ɗaya, ya shanya su a tsakar gida. Mafi yawan masu su bai san cikakken sunansu ba, balle ƙofar gidansu. Ya dai san wannan zanna bukar ɗin ta Alhaji mai shagon taya ce, wanda ba ya yarda a sa masa sitaci da yawa. Wannan ta malamin firamare ce da ke kawo tasa duk Alhamis. Wannan ruwan ƙwai ta wani ango ce. Wannan shuɗiyar mai aikin hannu ta Ba Modu direba ce, mai katon kai, lamba ashirin da huɗu. Yana gugar su yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, Delu na jinsa daga madafa, tausayi da haushi na cin ta lokaci guda.

Ita ce ta kai maganar wajen limamin unguwa. Liman ya kira shi ya ce, "Malam Sallau, kayan da aka rasa mai shi, an yi cigiya an gaji, sadaka ake yi da shi da sunan mai shi. Ka sauke wa kanka."

Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban yi cigiya ba, gudu na yi. Kuma in na bayar da su, na binne mutanen ke nan da hannuna. Ban ga gawar kowa ba."

Gaskiyar maganar ke nan. Muddin hulunan na cikin buhu, masu su na nan da rai a Gwange, suna jiran Sallah, shi kuma baƙo ne a Gombe da ya ɗan leƙo.

A shekara ta uku, da aka ce hanyar Damaturu ta lafa, ya ɗauki buhunsa ya tafi shi kaɗai. Ya ce wa Delu in ya sami ɗaki zai aiko ta biyo shi. Ta dai ƙulla masa dambun nama a leda.

Abin da ya tarar bai yi kama da abin da ya shirya wa ba. Shi kufai ya zata zai gani ya yi kuka. Sai ga gari ya cika ya batse fiye da da, mutanen Bama da Gwoza da Monguno ko'ina, keke napep kamar fari. Dogon yaronsa na nan, ya ma ƙara reshe, wata mata na sayar da gawayi a gindinsa. Ya yi sallama a gidaje huɗu a layinsu, fuska ɗaya ya gane. Mai shayin da ya zauna wajensa ya ji Hausarsa ya ce, "Baba daga Gombe ne?" Abin ya soke shi, amma ya ce e.

Ya roƙi mai gawayin ta matsa masa kaɗan, ya aro katakai wajen wani mai wankin hula a bakin titi, ya jera hulunan a rana kamar yadda ya saba, ya zauna. Ba ya iya cigiya ta wata hanya, wannan ce kaɗai ya sani: mai hula ya wuce, ya hango tasa, ya nuna.

Kwana tara ya yi a wurin. Hula shida suka sami masu su. Malamin firamare ya zo rana ta uku, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya rungume Sallau a bainar jama'a. Shi ya ba shi labarin wasu: wane ya rasu, wane yana Kano, wane an tafi da shi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sauran kuwa ya ce Allah ne masani.

Rana ta tara da hantsi wata mata ta tsaya a gaban shuɗiyar hular nan, ta aje kwandon da ke kanta.

"Malam, wannan ta mijina ce, Modu direba. Ni na ɗinka ta, wata biyu ina yi."

Sallau ya miƙe. "Alhamdu lillahi! Yana ina, Hajiya?"

"Ban sani ba. Ya ɗauki fasinja zuwa Damboa, shekara uku ke nan. Ba a kawo min gawa ba, ba a kawo min shi ba."

Ya ciro hular daga katako ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya cikinta, ta shafa zaren da babban yatsa, sannan ta mayar masa.

"In na shiga da ita gida, uwarsa za ta ce ya dawo. Ba zan iya ba. Ka ba wani ya sa ya je masallaci, ladan ya iske shi duk inda yake."

"Hajiya, in kuma yana da rai fa?"

Ta dube shi kamar mai mamakin babban mutum da irin wannan tambaya. "To mai rai ba ya buƙatar lada ne, Malam? Ai shi ya fi buƙata, in yana hannun mutanen nan. Ni duk Juma'a sai na yi masa sadakar ƙosai, kuma ban taɓa yi masa takaba ba."

Ta ɗauki kwandonta ta wuce. Sallau ya koma ya zauna da hular a hannu, har aka kira azahar bai motsa ba. Shekara uku yana ɗauke da abin da matar nan ta warware a tsaye, da kaya na jiran ta. Washegari ya mayar da katakan aro, ya yi wa mai gawayi godiya, ya nufi tasha.

Da ya iso, Delu ta dubi buhun, ta dube shi, ba ta tambayi zancen ɗaki ba. Babayo ne ya kasa haƙuri.

"To, Babarbare, yaya Yerwa?"

"Tana nan lafiya, ta fi da girma," in ji Sallau. "Inuwarta na nan, kifinta na nan. Har yanzu ta fi garinku, kada ka ji daɗi. Ni ne dai ba ta sani ba."

A unguwar Dawaki akwai mutanen Borno da yawa da rikicin ya koro, suna haya ɗaki-ɗaki, wasu na dako, wasu na gadi, mutanen da a garuruwansu ba sa fita ƙofar gida kai ba hula. Ranar wata Alhamis Sallau ya wanke sauran talatin da biyar ɗin wankin ƙarshe, ya tafi can tare da Babayo. Bai tambayi kowa lambarsa ba. Ya dubi kan mutum, ya sa hannu a buhu, ya ciro wadda za ta zauna. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Mai ita mutumin Gwange ne. Ka sa shi a addu'a, Allah ya san sunansa." Shuɗiyar ta daɗe ba ta sami kai ba, sai can aka kira wani ƙaton mutumin Bama mai turin baro, ta zauna masa kamar don shi aka ɗinka.

Washegari, maimakon masallacin unguwarsu, sai ya tafi Juma'a a Dawaki. Bai sami ciki ba, a sahun baya ya shimfiɗa darduma a rana. Da aka tashi tayar da salla ya ɗaga kai, kamar yadda ya saba, sai ga su. Alhaji mai taya a sahu na uku. Ango mai hula ruwan ƙwai can wajen katanga. Ba Modu direba gaba da shi kaɗan, ya fi kowa tsawo. Mutanen layinsa ne cif, sun juya masa baya suna fuskantar alƙibla, a tsakiyar Gombe. Hawaye ya zubo masa, bai share ba, sai da Babayo ya taɓa shi da gwiwar hannu sannan ya yi kabbara.

Aka sallame, sahu ya watse. Hulunan suka bazu cikin gari, wata ta hau acaɓa, wata ta tsaya sayen rake, wata ta shige lungu. Sallau bai naɗe dardumarsa ba sai da ta ƙarshe ta ɓace masa.