Lugude a Gindin Farfela

Cikin duk ranakun aikina, wadda ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka tura ni auna kukan farfela. Lokacin ina ƙaramin duba-gari a Isa, fari ya shiga shekara ta biyu, rijiyoyi sun ƙafe. A wani ƙauye kusa da Tozai ruwa ɗaya ya rage, na famfon da iska ke juya farfelarsa. Sai dai ƙugi yake dare da rana, ga shi jikin katangar Alhaji Garba, mai kai kaya Nijar. Alhaji ya kawo ƙara ofis.

Shugaban sashenmu ya miƙo mini na'urar auna amo, sabuwa fil a leda. Ƙa'ida ita ce a auna farfela na juyawa, a ɗaure ta a sake aunawa. Bambancin shi ne laifin famfo. Ya ce, "In ya yi yawa, ka sa mishi kwaɗo." Ni kuwa kai ya kumbura. Na rataya na'urar a wuya, ina tafe bisa babur ina tsayawa auna kukan jakuna.

Ina isa na tarar matan gari sun jera turame a gindin famfo. Wata tsohuwa, Inna Hassi, ta nuna na'urar da taɓarya.

"An ce akwatin ga kunne gare shi. To mu gani in za ya ji famfo!"

Sai lugude ya kaure, ga guɗa, ga waƙa. Allurar na'urar ta tafi can ƙurya ta maƙale. Ina ihu, "Inna, ƙara mishi laifi kuke!" Wa zai ji ni? Na sa aka ɗaure farfela, mata ba su fasa ba, allura ko gezau. Sai lissafin ya faɗo mini: bambanci babu! Dariya ta kayar da ni zaune, har hulata ta faɗi.

Alhaji ya taso a fusace. "Malam, wanga wane irin awo ne?"

Kafin in amsa, Inna Hassi ta dogara taɓarya. Ashe mahaifiyarsa ce.

"Garba, kai kana kwana Maraɗi, mu muna kwana da ƙishi. Barcinka za mu sha?"

Ya sunkuyar da kai ya ce ya janye ƙara. Na rubuta abin da allura ta nuna, muka kira bakanike ya ɗura wa ƙarfen giris, ƙugin ya ragu.

Za ni hau babur, ina ta nishaɗi, na leƙa turmin Inna in tsokane ta ta ba ni fura. Babu ko ƙwayar gero. Na leƙa na gaba, haka. Wallahi nan dariyata ta tsaya, tausayi ya kama ni.

Ku da kuke sababbin duba-gari, na'ura amo kaɗai take ji. Kafin ku sa wa abin mutane kwaɗo, ku leƙa turminsu.