Saitin Bindigar Hamza

Ran Ƙaramar Sallah ta shekarar da na fara saka abaya, bayan mun karya da dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace mai zaƙi, mun zaga gidajen dangi, mahaifinmu Abuya ya shigo gidanmu na unguwar Nuzla a Jidda da leda biyu. Ya miƙo mini ɗaya, ya miƙa wa ƙanena Hamza ɗaya. Tawa jakar roba ce ruwan hoda, da madubi da mataji da 'yar kwalbar jan man farce a ciki. Tasa kuwa baƙar bindigar hannu ce ta wasa, wadda yaran Jidda ke kira musaddas, mai harba ƙwayoyin roba rawaya. Har nauyi take da shi kamar ta gaske. Na yi godiya yadda aka koya mini, sannan na shige bayan ƙofa na cije leɓe. Kishi na ji, mai cin rai, kuma kishin yaron da ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi.

A unguwarmu, rana ta uku ga Sallah samari ƙanana kan jera gwangwanayen lemo a kan katangar bayan masallaci, kowa ya harba. Wanda ya fi kayarwa shi ke kwashe ƙwayoyin kowa, kuma har a koma makaranta sunansa ne a bakin yara. Sallar da ta gabata ina cikinsu, da aron bindiga na kunyata 'ya'yan maƙwabta. Amma bana Ummi ta yanke hukunci: "Halas, shi ke nan, kin girma, babu ke babu lungu." Sai duniyata ta koma saman bene. Can nake shanya, ina zuba wa tantabarun Abuya gero, ina leƙa tanki in motar ruwa ta zo, ina ratsawa tsakanin matattun na'urorin sanyaya ɗaki da Abuya ke tarawa, don gyaransu ne sana'arsa. Kakarmu ma can take zama da yamma, tana ɗinke-ɗinkenta tana mitar zafi da Hausar da ba ta taɓa yarda Larabci ya shiga ba.

Ashe bindigar da matsala ta zo. A bayanta akwai ɗan ƙarfen saiti mai tsaga a tsakiya, wanda ake leƙa hancin bindigar ta cikinsa. Wannan ƙarfe rawa yake yi, ko ɗan girgiza bindigar aka yi sai ya zame gefe. Hamza ya wuni yana harbi bai sami ko murfin tukunya ba, ya dawo da majina da hawaye. Ni dai ban lallashe shi ba.

Washegari bayan la'asar Abuya ya hau sama da akwatin kayan aikinsa, ya shimfiɗa tabarma, ya zaunar da Hamza a gefensa. Ina shanya ina satar kallo, zuciyata na tafasa, domin ni bai taɓa buɗe mini akwatin nan ba. Ya ɗaure 'yar ƙusar da ke riƙe da ƙarfen saitin da ƙaramar sukudireba, ƙarfen bai daina motsi ba. Ya fere sandar ashana siririya ya cusa a ƙarƙashi, sai ya kama. Saura a san inda za a tsayar da shi. Ya zana da'ira a jikin kwali ya jingina da katanga, ya ce Hamza ya harba. Hamza ya saki ƙwayoyi uku, ɗaya ta yi sama, ɗaya ta daki tanki, ɗaya ta tarwatsa tantabaru. Abuya ya sosa ƙeya ya ce a haka ba zai gane ko bindigar ce mai laifi ko mai bindigar ba.

Kaka ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ka ba yarinyar da ke zura mini allura mana."

Abuya ya juyo ya dube ni da jiƙaƙƙiyar riga a hannu. "Ta'ali, Samira," ya ce. Zo nan ke nan.

Na goge hannu a zanina, na ɗora tsintsiyar hannu a kan wata matacciyar na'ura, na riƙe numfashi. Ƙwayoyina duk wuri ɗaya suka taru, hagu da da'irar. Abuya ya yi 'yar dariya, ya karɓa ya ɗan tura ƙarfen da farce, ya maido mini. Haka muka yi ta yi, ni harbi shi gyara, kansa dab da nawa har ina jin ƙamshin turaren Sallarsa, har ƙwayoyin suka fara faɗawa tsakiya. Sai ya ce yana son abin da zai riƙe ƙusar kada ta sake kwancewa. Da gudu na sauka na ɗauko man farcena da ko buɗe shi ban yi ba. Ya ɗiga ja a kan ƙusar, ya hura masa iska. A raina na riga na gama lissafi: ko ya ce bindigar ta mu biyu ce, ko ya roƙa mini Ummi in fita gobe. Da ya bushe sai ya miƙa wa Hamza ya ce, "Idon yayarka ne a ciki, ka riƙe da kyau."

Daga tsakanin tankuna na kalli gasar. Gwangwani na faɗuwa, yara na ihun sunan Hamza, ni kuwa ina riƙe da kwandon wanki. Ya dawo aljihu cike, ya damƙa mini ƙwayoyi cikin tafi, wai nawa rabon. Me zan yi da harsashi babu bindiga? Na zuba su a jakar ruwan hoda.

Yanzu a unguwar Safa nake zaune, a bene mai lif wanda samansa kullum a kulle yake, kuma 'ya'yanmu a waya suke harbinsu. Abuya ya rasu, Kaka ta riga shi. Hamza ya fara furfura, amma duk Sallah sai ya fito da bindigar daga kabad ya ba yara labarin nasararsa. A Sallar bara 'yata ta tambaye shi jan ɗigon nan na mene ne. Ya ce gyaran Abuya ne, Allah ya jiƙansa. Na jira ya ƙarasa, sai ya miƙa hannu ya ɗauki dabino. Kishin nan ya taso mini sabo fil, ni da 'ya'ya manya. Jakar tana nan a ɗakina, in an taɓa ta ƙwayoyin suna kaɗawa. Bindigar na daɗe da bar masa. Kiran nan na saman bene nake so a sake yi mini.