Baba Katanga da Wayar Ungozoma

Kafin mai shara ta jingine tsintsiya, Baba Katanga ya riga ya shige ɗan ɗakin nan na ƙarƙashin bene, inda na'urorin asibitin haihuwa ke gurnani cikin sanyin da ke sa shi tari. Ya ajiye kofin shayi, ya gyara tabarau, ya duba wa ya ƙwanƙwasa ƙofar rumbun bayanan marasa lafiya, kuma daga ina.

Kowace kwamfuta tana da adireshinta a intanet, kamar gida. Shi kuwa ya kafa katanga, ya ce kwamfutocin cikin ginin nan kaɗai za a buɗe wa. Ko kana riƙe da kalmar sirri, in daga waje ka zo, sai ka sha zamanka. Ya sha tsiya a kan haka. Babbar ungozoma, mai son duba sakamakon gwaji tana kishingiɗe a falonta, ta ce taurin kansa ya fi na jaki. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, mabuɗi yakan ɓace, gini kuwa ba a sa shi a aljihu."

Sai ga ranar da aka fizge mata waya a tasha, da kalmar sirrin ajiye a ciki. Ta faɗo ɗakin da takalmi ɗaya a hannu.

"Baba, na tona asirin matan nan. Akwai wadda ko uwarta ba ta san abin da gwajinta ya nuna ba."

Ya juyo mata da allon kwamfuta. Wani daga waje ya gwada shiga da sunanta, ya sake, ya kuma sakewa, katanga ta ƙi. Ko suna ɗaya bai fita ba! Matar da duk asibitin ke shakka ta zube a ƙasa, ga hawaye ga dariya, ta rangaɗa guɗa har masu jego suka leƙo.

Wannan makon Baba Katanga yake ajiye aiki, kuma mu ma'aikatan asibitin, murna da kewa sun cika mana ciki. Kai ne mai gadin da ba ya riƙe sanda, Baba. Kai ne ka zaɓi a zage ka da a kunyata wata. Masu gadon kujerarka, in an matsa muku ku buɗe don sauƙi, ku cije kamar yadda ya cije.

Matar nan da uwarta ba ta san sakamakon gwajinta ba, har yau tana zuwa awo, tana wuce ka a baranda ba tare da ta san tana da abin gode maka ba. Mun gode a madadinta. Allah Ya rufa maka asiri.