Malam Tanimu da wushiryar mahaifiyata

Yau da safe, ina ɗaura takalmi zan fita, saƙon ya shigo wayata: Malam Tanimu mai bidiyo na Gada Biyu ya rasu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Na zauna a bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, na daɗe ban tashi ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon da ke juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD a ɗan shagon nan mai shuɗiyar ƙofa. Kaset ɗin suna, na biki, na mawaƙan coci, na saukar karatu, duk wurinsa ake kai su. Ni kuma kaset ɗaya ne ya haɗa mu.

Kaset ɗin bikin Yaya Hajara ne. A duk duniya, nan ne kaɗai hoton mahaifiyarmu yake motsi. Ba ta ma daɗe a ciki ba: ta fito daga kicin da ludayi a hannu, wata ta tsokane ta, ta yi dariya, ta koma.

Ƙanina ya taɓa kai shi wani shago aka juye. Don awa ukun da ke cikin kaset ɗin su shiga faifai ɗaya, sai suka ƙanƙantar da hoton. Da muka kunna, bakin Inna ya zama fari fat, kamar an goga alli. Wushiryarta, wadda duk unguwar Dutse Uku aka san ta da ita, ta ɓace.

Saboda haka na shiga shagon Malam da shirina. Na yi karance-karancena, na ce masa HD nake so, wato hoto tangaran, mafi girma da na'urarsa za ta iya.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Oga ɗan jarida, labarin da ba a faɗa maka ba, kana rubuta shi?"

Na ce a'a.

"To, ni ma abin da babu a kaset ba na sa shi."

Ya ja mini kujera ya yi bayani. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, kuma kafin a fara juyewa dole mai aiki ya zaɓi ɗigo nawa a faɗi, nawa a tsaye. In ya zaɓi kaɗan, abin da ke cikin kaset ya zube, kamar yadda aka yi mana. In ya zaɓi da yawa fiye da kima, kwamfuta ce za ta cike gurbin da kame-kamenta. "Miyar mutum biyu ce," in ji shi. "Ka tsuga mata ruwa ta ishi goma, nama bai ƙaru ba."

Ya rubuta 720 da 576 a bayan wani tsohon ambulan ya miƙo mini. Ya ce wannan ne cikakken awon DVD, ya ɗauke duk abin da kaset ɗin ya mallaka har da rara. Faifai biyu zai ci, ba ɗaya ba.

Ban ji daɗi ba, gaskiya. Na ce ai sai mu gwada duka biyun mu gani.

Sai ya ɗaga murfin kaset ɗin ya nuna mini. Zaren duk ya yi fumfuna, gefensa ya fara cinyewa. Ya ce, "Wannan sau ɗaya zai yarda ya zagaya. Ka zaɓa. Uwarka ce, ba tawa ba."

Na rasa ta sau ɗaya a maƙabarta, na sake rasa ta a wancan shagon. Na ce, "Malam, yi yadda ka sani."

Kwana huɗu yana goge zaren nan da hannu, kaɗan-kaɗan, da wani ƙyalle mai laushi. Ranar juyewa ya ƙi amincewa da wutar gari, ya tayar da janareto, ya kashe wayarsa. Wata mata ta zo daga unguwar Rayfield da kaset ɗin aurenta, ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, yau ina da baƙuwa."

Kusa da ƙarshe zaren ya tsinke, daidai inda ake kwashe kujeru. Wurin da Inna ta fito ya riga ya wuce lafiya.

Da na kunna a gida, hoton bai yi ƙyalli ba. Yana da dishi-dishin zamaninsa. Amma da ta yi dariya, ga wushiryar nan. 'Yata Asma'u, wadda ba ta riski kakarta ba, ta matsa jikin talabijin, ta sa yatsa a nata haƙoran, ta ce, "Baba, ashe a nan na samo."

Da na ba Malam labari, sai ya cire tabarau ya yi ta gogewa da bakin riga.

Haɗuwarmu ta ƙarshe sati biyu ke nan. Yana zaune a ƙofar shago, ƙafafunsa sun kumbura, yana ɓare gyaɗa. Ya zuba mini a tafi, ya ce, "Ɗan jarida, ka kwafe faifan nan a wani wuri kuwa?"

Na ce zan yi.

"Zan yi, zan yi. Faifai ma yana mutuwa, ka sani."

Ban yi ba sai yau. Bayan mun dawo daga jana'iza na ɗauko su duka biyun, ga rubutun hannunsa a kai: Bikin Hajara 1, Bikin Hajara 2. Na sa na farko a kwamfuta.

Ya buɗe. Inna ta fito da ludayinta.

Ya Allah, yadda bawan nan naka ya riƙe amanar fuskokin iyayen mutane, bai rage ba, bai ƙara ba, ka dube shi da rahama. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri.

In akwai faifai mai rubutun hannunsa a gidanku, ku ɗauko shi yau ku kwafe. Sannan don Allah, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, ku sa Malam Tanimu a addu'a.