Ƙwaryar da Safara'u Ta Kai Gidan Dagaci

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Safara'u a Kukar Jumma, wani ɗan ƙauye arewa da Minjibir, inda gona ke manne da gona har ba ka samun wurin ɗaure akuya sai ta ci dawar wani. Shekara ashirin da wani abu muna miƙa wa juna garwashi ta saman dangar nan. Ni ce Larai, kuma duk ƙauyen an san bakina ba ya shiru. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, sai ta wuni ba ta yi maganar da ta cika ludayi ba.

Sana'arta naɗin kaya. A lokacin ba wanda zai kai gara gidan ango, ko kayan suna, ko gaisuwar surukai, bai bi ta hannunta ba. Ita ke zaɓen ƙwarya, ta kankare, ta goge ta da farar ƙasa, ta ɗora wuƙa a wuta ta zana mata gindi. Kabar faifai ma da kanta take rinawa, ja da karan dafi, shuɗi da baba, rawaya da saiwa. Goro ta jera shi a ganyen fita, fari a tsakiya, ja a kewaye. In ta rufe, sai ta kawo zaren da ta kaɗa ta yi wa ƙwaryar raga tun daga gindi, ta tattaro bakin zaren a saman faifan ta ƙulle da wani ƙulli mai kama da furen kabewa. Mata nawa suka zauna gabanta don su koya, suka tashi da ciwon wuya. Na taɓa ganin ta naɗe goro bakwai da 'yar daddawa, aka kai wa surukan wani matsiyaci, suka ba da tukwicin da ya fi kayan daraja.

Aibinta ɗaya, ba a sa ta sauri. Amarya na bakin ƙofa, mata na guɗa, in ta hango zare ɗaya ya karkace sai ta warware duka ta sake. Ka yi magana ta dube ka kawai. Mun sha faɗa da ita a kan wannan, wato ni na sha yi, ita tana saƙarta.

Haihuwarta shida, biyar suka koma tun ba su yi wayo ba. Mijinta Dogo ya rasu shekarar da fara ta cinye gero. Wanda ya rage mata Tasi'u ne, kuma shi ne ɗan fari. To, kun san yadda muke da ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, in za ta ba shi tuwo sai ta ajiye a bakin rumbu ta ce da iska, "Ga abinci nan." In ana zancensa a gabanta sai ta tashi ta kama wani aiki. A wajenmu wannan ita ce tarbiyya, kuma Safara'u ta fi kowa riƙe ta. Amma ni da nake jin motsinta ta danga na san in ya yi tari sau ɗaya, saƙarta tsayawa take yi.

Shekarar da Turawa ke yaƙinsu na biyu aka fara ɗibar mutane na tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Ran wata Asabar da kaka, gyaɗa tana ƙasa ba a tone ba, sankira ya zaga ya ce hakimi na son mutum bakwai daga ƙauyenmu, kuma ran Alhamis da safe za a kai masa sunaye. Kafin la'asar kowa ya ji waɗanda dagaci ya sa wa ido. Har da Tasi'u, don maraya ba shi da mai tsaya masa. Mun riga mun ji labarin wurin daga mutanen Shanono da aka ɗiba kafin namu, wai sanyinsa har cikin ƙashi, abinci ba ya isa, kuma ba duk wanda ya tafi ke dawowa ba.

Na leƙa ta danga na tarar da ita tsaye riƙe da taɓarya, turmin kuwa ba komai a ciki.

Na ce, "Yaya, kin ji?"

Ta ce, "Na ji."

"To me kike jira? Ki yafa mayafi mu je ki faɗi gaban dagaci. Ki ce shi kaɗai gare ki, shi ke noma miki. Wallahi ko dutse ne zai ji tausayi."

Ta ce, "Ni in buɗe baki a kan wancan? A gaban maza?"

"Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi, Yaya."

Ta jingine taɓaryar a jikin danga. Kuma gaskiya ko ta yarda, zauren ba ya shiguwa, don jakadan hakimi ya tare a can, yana zaune kusa da dagaci daga safe har magariba. Masu dabara ta cikin gida suke bi, ta hannun uwargidan dagaci, Maijidda. Mun ga masu ɗan hali suna shiga da zakara ko tulun man shanu, kuma mun ga sunan 'ya'yansu na fita daga bakin mutane.

Dabarar da ta yanke ita ce kaya su yi mata magana. Ta sa na raka ta wajen liman, Malam Abdussalam, na yi masa bayani tana tsugune ta juya baya. Ya rubuta takarda da ajami, cewa baiwar Allah Safara'u na roƙon arziki a bar mata Tasi'u, ɗa ɗaya gare ta, ba miji, ba ɗan'uwa. Ta dawo gida ta tono tukunyar da ke binne a ƙarƙashin gadonta, ta fito da murjanin da ta gada wajen uwarta da mundayen azurfa biyu na aurenta. Abin da ta mallaka a duniya ke nan.

Na ce, "Madalla. Ƙulle su a tsumma mu kai yanzu."

Ta dube ni kamar na zage ta. "Gidan sarauta? A tsumma? So kike a ce raini na kawo, a jefar?"

Nan ta zauna. Lahadi ta wuni a kan ƙwarya. Litinin ta wuni a kan faifai, ta kai rabi ta ga jan bai kama yadda take so ba, ta warware. Ni kuwa ina ta safa da marwa tsakanin gidana da nata, ina faɗa, ina roƙo, har kuka na yi mata. Allura ta soke ta ya fi a ƙirga, ta tsotse jinin ta ci gaba don kada ya taɓa kabar. Ko ruwa ba na jin ta sha. Tasi'u ya dawo daga gona ya wuce ta gabanta, ya rage tsawo ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta kau da kai ta ce da ni, "Larai, miƙo min shuɗin can." Na ji kamar in kwaɗa mata faifan, na kuma ji tausayinta ya kama ni. Duk abin da ta kasa faɗa masa shekara ashirin da biyu, shi take ɗurawa a ƙwaryar nan.

Ran Talata da azahar ta gama. Ta shimfiɗa auduga a ciki, ta kwantar da murjanin da mundayen, ta ɗora takardar a sama yadda ita za a fara gani, ta rufe ta ƙulle. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma ban ƙara gani ba. Ragar har hawa biyu ta yi mata, fara a ciki, shuɗiya a waje. Da muka ratsa ƙauye, matan da ke sussuka suka ajiye taɓare suka bi mu da ido.

Maijidda ta karɓe mu da fara'a. Ba muguwar mace ba ce, son abin ado ne da ita kamar yarinya. Ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu tana juya ta tana salati.

"Kai, Safara'u! Wannan hannu naki Allah ya tsare shi daga wuta. Duk ni kaɗai?"

Safara'u ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaisuwa ce, ranki ya daɗe. A gaishe da maigida."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Na zungure ta da gwiwar hannu, ta yi kamar ba ta ji ba. Ba a buɗe kyauta a gaban wanda ya kawo, don haka Maijidda ta ajiye a gefe, aka shiga hirar kaka da tsadar gishiri. Ni ma da nake da baki kamar reza, a nan ya mutu. Na ga ɗaki ya cika da matan gidan, na ce ba girmana ba ne in yi magana uwar ɗa na zaune ba ta yi ba, kuma ai da mun fita za a buɗe. Wa ke ajiye kyauta bai leƙa ba? Wannan shirun nawa har yau ban yafe wa kaina shi ba.

Laraba muka wuni muna kallon hanya, ko za a aiko a ce an gani an gode. Ba wanda ya zo. Safara'u ta ce ai manya ba sa gaggawa. Ta faɗa sau uku, ba wanda ya tambaye ta.

Ran Alhamis da hantsi sankira ya tsaya a gindin kuka ya kira sunaye. Na huɗu Tasi'u ɗan Dogo. Ya ce takarda ta tafi wajen hakimi tun da sassafe, kowa ya ɗauko bargonsa, da azahar za a kama hanyar Kano a hau jirgin ƙasa.

Ban san Safara'u na iya gudu ba sai ran nan. Ba mayafi, ba sallama, ta faɗa ɗakin Maijidda ina biye da ita. Ga ƙwaryar can a rataye a ragaya, a saman jeren kayan ɗakin, inda duk mai shigowa zai fara gani. Ƙullin na nan yadda ta yi shi.

Maijidda ta ce, "Lafiya? Ai kin ga inda na sa ta. Wallahi na kai hannu zan kwance na ji ba zan iya ɓata wannan aiki ba. Na jijjiga na ji ba abin ci ba ne, na ce bari 'yan'uwana na Ungogo su zo ran Juma'a su gani tukuna."

Safara'u ta fizgo ƙwaryar ta kama ƙullin. Ƙullinta ne, amma yatsunta suka kasa. Ta sa haƙori. Ni na zari wuƙar yankan kuɓewa a bakin murhu na datse zaren, murjani ya zube a tabarma, takardar ta faɗo. Maijidda ta duba takardar, ta dubi Safara'u, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Tasi'u naki ne? Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa min? Kalma ɗaya fa!"

Ta ɗauki takardar da kanta ta aika a kira dagaci ya shigo ciki. Muna tsugune a bayan ƙofa muka ji ana karanta masa. Ya ce da a jiya ne da ya san yadda zai yi, amma yanzu suna ya shiga takardar Bature, ko ɗan cikinsa ne ba shi da ikon cirewa. Ya ce a mayar mata da kayanta. Safara'u ta rarrafa ta kama ƙafar Maijidda tana cewa a ƙara da gonar, a ƙara da ita kanta ta yi musu daka har ta mutu. Ni na ɓamɓare hannunta na jawo ta waje.

Ko guzuri ba ta yi masa ba, don ta sakankance ba zai tafi ba. Na kwaso ƙuli-ƙuli da garin gero a ɗakina, ta juye a gefen tsohon zane ta ɗaure. Muka tarar da su a bakin rijiya sun yi layi, dogari a gaba, dogari a baya. Ta je har kusa da shi, sannan ta miƙa wa Hadi, ɗan maƙeri da ke tsaye a gefensa, ta ce, "Ba wa na kusa da kai." Tasi'u ya ce, "Inna, ki yafe min." Ta tsaya tana kallon guga. Sai da suka sha kwanar gonar liman ta ɗaga ido, lokacin ba a ganin komai sai karan dawa.

Wata huɗu aka ce za su yi. Ni da 'ya'yana muka tone mata gyaɗa. Mata suka ci gaba da kawo kayan gara, tana karɓa tana naɗawa don ta ci abinci, amma da ka gani ka san hannu ne kawai ke yi. Kullum da la'asar sai ta sami dalilin zuwa bakin hanya, yau tsintar kara, gobe neman akuyar da ke ɗaure a gida.

Sai da bazara ta kusa suka dawo. Yara suka shigo da gudu suna ihu, ƙauye ya fita. Mutum biyar ne, sun rame sun yi baƙi, kowa na tari. Iyaye suka rufa a kansu. Safara'u ta tsaya a baya ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ta sake bi. Da mutane suka ragu ta matsa wajen Hadi.

Ta ce, "Sannunku da hanya. Sauran fa?"

Hadi ya tsuguna. Ya ce ɗaya ya gudu tun a wata na farko, ba a san inda ya yi ba. Tasi'u kuwa ciwon ƙirji ne ya kama shi, kwana shida ya yi. Su suka yi masa wanka, suka yi masa salla, suka binne shi a bayan barikin da aka sauke su.

Na riƙe ta don na zaci faɗuwa za ta yi. Ba ta faɗi ba. Ta ce, "Da me kuka naɗe shi?"

Hadi ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Buhu biyu muka farke, Inna. Shi ma sai da muka roƙa."

Ta ce, "Da kun aiko. Ina da fari a ɗaki."